Farantin Sola Da Man Fetur: Ina Suka Haɗu, Ina Suka Rabu?

Duk wanda ya ratsa kasuwar Bawku a 'yan shekarun nan, ko ya bi layin masu kayan wuta a Yendi da Salaga, ba zai rasa ganin farantan sola a jingine a ƙofar shaguna ba, manya da ƙanana, ga batura a gefe, ga fankoki da ƙwayayen fitila a rataye. Hajar da a da sai a kan rufin asibitin ƙauye ko ofishin wata ƙungiyar agaji ake ganinta, yau ta zama ta sari da sayarwa kamar rediyo da tocila. Mai cajin waya yana so, mai sayar da ruwan sanyi yana so, haka ma manomin albasa da ke ban-ruwa a bakin Farin Volta, wanda kuɗin man injinsa kan cinye riba tun albasa ba ta shiga buhu ba.

To amma tare da wannan haja wata gardama ta shigo kasuwa, kuma mun sha jin ta a rumfuna da tashoshin mota. Da zarar an ƙara kuɗin mai, sai wani mai shago ya ƙara wa farantinsa kuɗi, in an tambaye shi dalili ya ce ai sola ma da mai ake yin ta. Wasu kuwa har wuce nan suke yi, su ce duk abin yaudara ce, domin man da aka ƙona wajen ƙera farantin ya fi wutar da zai bayar har ya mutu, gara mutum ya riƙe janaretansa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu rantsuwa cewa babu ko ɗigon mai a jikin sola, rana ce kawai da ikon Allah. Gardamar ta wuce ta hira, tunda a kanta mutum zai yanke shawarar zuba jarinsa ko janye shi, a kanta kuma manomi zai sayar da sa ya sayi famfon sola ko ya fasa. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawun wannan faranti tun daga tushensa.

Bin sawun haja ba baƙon abu ba ne ga mutanen wannan hanya. Kakanninmu fatake da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, su bi ta Yendi su sauka Salaga, goron Gwanja suke cewa sun je saye, har yau ma sunan bai ɓace ba. Alhali goro ba ya fita a Gwanja. Daga kurmin Asante ake ɗauko shi, Salaga mahaɗa ce kawai. Mai cin goro a Kano bai damu da wannan ba, amma madugun da bai san abin da ke faruwa a Kumasi ba, to shi ne zai kwana a ciki ranar da hanya ta toshe. Haka farantin sola yake. A Tema ko Lome muke ganin ya sauka, amma labarinsa ya faro daga nesa.

Waɗannan baƙaƙe ko shuɗɗan murabba'ai da muke gani a ƙarƙashin gilashin, su ne ke mayar da hasken rana wutar lantarki, kuma da wani sinadari ake yin su mai suna silikon. Shi silikon daga farin dutsen nan mai ƙyalli ake fitar da shi, dangin yashi, wanda Allah ya wadata duniya da shi. Wahalar tana wajen raba shi da abin da ya haɗu da shi a cikin dutsen. Ana zuba dutsen a wani ƙaton tanderu mai aiki da lantarki, a haɗa shi da kwal da gawayin itace da ɓarɓashin katako, a ƙure zafi har ya doshi digiri 2,000. Duk wanda ya san yadda maƙeran da suke fitar da ƙarfe daga tama da gawayi da zuga-zugi, to ya fahimci aikin. A nan ne mai ya fara leƙo kai, domin wasu masana'antun kan haɗa da wani baƙin dasashi mai kama da gawayi da ke saura a matatar mai bayan an gama tace fetur da dizal da kananzir. Sai dai ba dole ba ne, ana iya yi da kwal da gawayi kaɗai.

Silikon ɗin da ya fito daga wannan tanderu bai isa a yi sola da shi ba, sai an sake tace shi har ya zama a cikin kashi miliyan da ƙyar a sami kashi ɗaya na gurɓata. Wannan tacewa ita ce mai cin wuta kamar gara, don kilo ɗaya kan lashe kilowat-awa 50 ko fiye. Daga nan a sake narka shi a zafin da ya wuce digiri 1,400, a ja shi ya zama doguwar sanda, a yayyanka shi da siririyar waya falle-falle, kowane falle bai kai kaurin farce ba, a zana masa layukan azurfa da za su kwashi wutar. Duk waɗannan matakai lantarki suke ci.

To ina lantarkin yake fitowa? Nan ne amsar tambayarmu take. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, mai hedikwata a Faris, ta fitar da rahoto a shekarar 2022 inda ta nuna cewa ƙasar Sin ce ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100 na kowane mataki na ƙera sola a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 na lantarkin da masana'antun sola ke amfani da shi daga kwal yake fitowa. Manyan matatun silikon an kafa su ne a lardunan arewa da yammacin Sin irin su Xinjiang da Mongoliya ta Gida saboda arahar kwal, wasu kuma a Yunnan da Sichuan saboda madatsun ruwa. Sin ba ta ƙona mai don samar da lantarki sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ke nan idan ana neman uban farantin sola a cikin abubuwan da ake tonowa daga ƙasa, kwal ya fi cancanta da wannan suna. Masu cewa sola ba ta da alaƙa da hayaƙi su ma sai su sassauta murya.

Mu dawo kan sauran jikin farantin. Wanda ya taɓa ɗora mai wat 400 a kan kafaɗa ya san ya kai kilo 20 ko ɗan fiye, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wannan nauyi gilashi ne. Gilashi daga yashi ake yin shi, a tanderun da galibi iskar gas yake ƙonawa. Sai firam ɗin alminiyam da ya zagaye shi, wanda mutanen Gana sun fi kowa sanin labarinsa. Madatsar Akosombo da Kwame Nkrumah ya buɗe a watan Janairun 1966, babban dalilin gina ta shi ne a ba kamfanin VALCO da ke Tema wutar narka alminiyam, kuma an sha rage aikin kamfanin ko dakatar da shi a shekarun da ruwan tafkin ya ja baya. Wato shi ma alminiyam ɗan lantarki ne. Amma a cikin tukunyar narka shi akwai wasu baƙaƙen tubala da wuta ke bi ta cikinsu, waɗanda ake yi da wancan dasashin matatar mai da muka ambata, kuma suna cinyewa a hankali, kusan kilo 400 a kan kowane tan na alminiyam. Nan mai ya sake shigowa.

Inda mai ya shiga ƙarara babu musu shi ne roba. Tsakanin gilashi da ƙwayoyin silikon akwai wata leda mai ɗanko da ake narkawa ta manne su don kada ruwa ko iska su shiga. A bayan faranti akwai farar shimfiɗar roba, sai dai in mai gilashi gaba da baya ne. Ga ɗan baƙin akwatin da waya ke fitowa daga cikinsa, ga rigar wayar kanta. Duk waɗannan daga ɗanyen mai ko iskar gas aka samo su, kamar bokitin roba da silifas da ledar da muke ƙulla sukari. In aka tattara su a faranti guda, nauyinsu yana wajen kilo 2. Wannan shi ne man da ke jikin farantin, wanda za ka iya taɓawa da hannunka.

Sauran man kuwa a hanya ake ƙona shi. Motocin da ke haƙo dutse dizal suke sha. Jirgin ruwan da ke ɗauko kwantena daga Shanghai ko Ningbo baƙin mai yake sha har ya iso Tema. Daga Tema tirela za ta ɗauka ta bi Kumasi da Tamale da Bolgatanga kafin ta iso Bawku, tafiyar da ta haura kilomita 800. Wanda zai kai Salaga ko dai ya zagayo ta Tamale ko ya jira fiton Yeji zuwa Makango. Mai sari daga Lome kuwa ta Sankasi kayansa ke shigowa. Saboda haka mai shagon da ya ce tsadar mai ta taɓa shi bai yi ƙarya ba, ta taɓa kuɗin mota da na dako. Amma kuɗin mota kashi nawa ne a cikin farashin farantin? Kwantena guda tana ɗaukar ɗaruruwan faranti. Kowa ya ɗauki biro ya raba abin da aka ƙara masa a tasha da yawan farantan da ke cikin lodin, zai ga ƙarin da ya halatta a kan kowane ɗaya bai kai yadda ake faɗa ba.

Abin da ya fi gamsar da mu a wannan bincike shi ne tarihin farashin kansa, domin kasuwa ba ta ɓoye gaskiya na dogon lokaci. A shekarar 2010 ana sayar da wat ɗaya na faranti a bakin masana'anta wajen dala 2. Zuwa 2020 ya sauko wajen santi 20. A cikin waɗannan shekaru goma gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, ta faɗo ƙasa da 30 a farkon 2016, ta sake hawa, ta sake rugujewa a 2020 lokacin annobar korona, shi kuwa faranti bai daina sauka ba. Gaskiya ne ya ɗan yi tsada a 2021 da 2022, har wasu suka ɗora laifin a kan yaƙin Rasha da Yukiren da ya kai ganga sama da dala 120. Sai dai tsadar ta riga yaƙin farawa. Tataccen silikon ne ya yi ƙaranci, kuɗin kwantena ya yi tashin gwauron zabi, sannan a watan Satumban 2021 Sin ta shiga rabon wuta saboda ƙarancin kwal, aka tilasta wa masu narka silikon a Yunnan rage aiki. Da sababbin matatu suka buɗe, a shekarar 2023 kaɗai farashin faranti ya faɗi kusan rabi, alhali gangar mai tana nan wajen dala 80. A 2024 wat ɗaya ya koma wajen santi 10, mai kuwa bai gusa daga inda yake ba sosai. Da mai ne ke jan akalar sola, da hakan bai faru ba.

Abin da ya fi mai taɓa aljihun ɗan kasuwar Bawku da Yendi shi ne dala. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen shekarar ta haura 14, a ƙarshen 2024 ta kai wajen 16, sannan a tsakiyar 2025 ta faɗo wajen 10. Da dala ake sayo mai, da dala ake sayo faranti, shi ya sa in sidi ta faɗi sai su tashi tare, mai kallo daga nesa ya ɗauka ɗaya ne ke jan ɗaya. Su biyun jaki guda suka hau. Wanda ya cika shago da kaya lokacin da dala take 16 ya riƙe su yana jiran mai ya ƙara tsada, shi ya san abin da ya gani da sidi ta farfaɗo. Maƙwabcinsa na Sankasi mai ciniki da sefa, wadda ke ɗaure da kuɗin yuro, bai sha irin wannan jijjigar ba, kuma wannan na daga cikin dalilan da kan sa farashin tsallaken iyaka ya bambanta da na gida. Sai kuma shawarar gwamnatin Sin: a watan Disamban 2024 ta rage rangwamen harajin da take mayar wa masu fitar da sola waje daga kashi 13 zuwa kashi 9 cikin 100. Irin wannan labari ya fi labarin gidan mai amfani ga mai sari.

Yanzu sai maganar masu cewa faranti ba ya biyan bashin man da aka ƙona a kansa. Bari mu yi lissafin kasuwa. Arewacin Gana yana samun kimanin awa 5 na cikakkiyar rana a yini. Faranti mai wat 400 zai ba da kilowat-awa 2 a takarda, mu cire asarar zafi da ƙura da waya mu bar shi a ɗaya da rabi. Ƙaramin janareta mai shan fetur yakan sha rabin lita ko fiye kafin ya ba da kilowat-awa ɗaya. Ke nan farantin yana tsaya wa kashi uku cikin huɗu na lita kowace rana, wato lita 270 a shekara, fiye da duro guda. Faranti mai kyau yakan yi shekara 25 yana aiki, wanda ya kama duro 30 da 'yan kai. A ɗora wannan a sikeli ɗaya, a ɗora kilo 2 na roba da rabonsa na man jirgi da tirela a ɗayan. Ko an haɗa da kwal ɗin Sin, masu bincike sun daɗe da nuna cewa a ƙasa mai rana faranti yana mayar da makamashin da aka kashe a kansa cikin shekara guda ko kusa da haka, kuma rahoton IEA da muka ambata ya ce wata 4 zuwa 8 sun ishe shi ya biya hayaƙin da aka fitar wajen ƙera shi. Maganar ta yi kusa da gaskiya a zamanin farantan farko, shekaru hamsin da suka wuce, daga nan ta samo asali, aka ci gaba da yaɗa ta bayan sana'ar ta canza.

Wani abin mamaki ma, kamfanonin mai na cikin waɗanda suka raini sola tana jaririya. Bayan an ƙirƙiro ƙwayar silikon ta farko mai amfani a Amurka a 1954, tsadarta ta sa sai a jikin taurarin ɗan'adam ake ganinta. Kamfanin Exxon ne ya zuba kuɗi a farkon shekarun 1970 aka rage tsadar, don yana buƙatar fitilun gargaɗi a rijiyoyinsa na cikin teku. BP da Shell su ma sun yi masana'antun sola, BP bai rufe nasa ba sai a 2011 da kayan Sin suka karya farashi.

Gwamnatin Gana ma lissafin da muka yi shi ta yi, bayan ta sha wuya. Ƙasar ta fara haƙo mai a rijiyar Jubilee a watan Disamban 2010, amma hakan bai hana ta shiga shekarun dumsor ba, tun daga watan Agustan 2012 da aka fasa bututun iskar gas mai tasowa daga Najeriya a tekun Lome, tashoshin wuta suka koma ƙona mai mai tsada. A 2013 hukumar VRA ta buɗe tashar sola mai megawat 2.5 a Navrongo, yanki guda da Bawku, daga baya ta ƙara da na Lawra da Kaleo. Hukumar madatsar Bui ta shimfiɗa farantai har a kan ruwa, ta kuma kawo aikin tashar megawat 50 a Galgu kusa da Yendi. A 2016 an buɗe masana'antar haɗa faranti a Kpone kusa da Tema, amma a lura da kalmar haɗawa: ƙwayoyin silikon daga waje ake kawo su. A nahiyar baki ɗaya kuwa, cibiyar bincike ta Ember ta ƙiyasta cewa a shekara guda zuwa watan Yunin 2025 Afirka ta shigo da farantan megawat 15,000 daga Sin, ƙarin kashi 60 cikin 100 a kan shekarar da ta gabace ta, Najeriya ce ta biyu bayan Afirka ta Kudu.

Akwai wuri guda da masu sukar sola suke da hujja mai ƙarfi, ko da yake ba kasafai suke kawo ta ba, wato batir. Faranti yana shekara 25, amma batirin dalma irin wanda ya fi yawa a kasuwanninmu da wuya ya wuce shekara biyu ko uku a zafin Bawku na watan Maris da Afrilu, musamman in ana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare. Kowane sauyi sabon akwatin roba ne, sabon jigila, sabuwar dala. Batirin litiyam ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, sai dai kuɗinsa na farko ya fi yawa, kuma shi ma a cikinsa akwai wani baƙin gari da akasari daga dasashin matatar mai ake yin shi. Shi ya sa manomin albasa ya fi kowa cin ribar sola: famfonsa da rana yake aiki, ruwa ya hau tanki ko ya bi kwalbati, ba ya buƙatar batir ko ɗaya. Mai firji da mai gidan kallon ƙwallo kuwa sai sun sa kuɗin batir a lissafi tun ranar farko, in ba haka ba su dawo shago da rigima bayan damina biyu.

Lissafin duro 30 ɗin nan kuma yana tsayawa ne in farantin na ƙwarai ne. Araha ba ta ado. Muna ganin waɗanda aka manna wa takardar wat 300 alhali girmansu bai kai na wat 200 ba, da tsofaffin da aka cire daga rufin Turai aka wanke, ledar cikinsu ta soma yin rawaya. Wannan leda, wadda ita ce ɗan man da ke jikin faranti, ita ce kuma takan fara mutuwa: in ta yi rawaya ko ta ɗago ta yi ƙurji, ruwa zai shiga, layukan azurfa su ci tsatsa. Mai sari ya juya bayan farantin ya duba ko farar robar ta tsage, ya sa mita a tsakar rana ya gwada abin da yake bayarwa da abin da aka rubuta, ya kuma auna tsawo da faɗi, domin murabba'in mita ɗaya na farantin zamani wat 200 da 'yan kai yake bayarwa, ba ya wuce haka da yawa. In hunturu ya shigo kuma a gaya wa mai saye ya riƙa share ƙura da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗauki zafi.